Tsakanin doka da yarjejeniya, wa ke sama? Labarin nikel ɗin Indunusiya

A watan Yunin 2025 gwamnatin Indunusiya ta soke takardun izinin kamfanoni huɗu da ke da filayen haƙar nikel a tsibiran Raja Ampat, can ƙuryar gabashin ƙasar. Jama'a ne suka yi ca, bayan hotuna sun yi ta yawo a wayoyi: tuddai an aske musu itatuwa, jar laka tana gangarawa cikin teku, a wurin da baƙi ke zuwa daga nesa don kallon kifaye da duwatsun ƙarƙashin ruwa. Amma kamfanoni biyar ne ke da takardu a yankin. Na biyar ɗin, Gag Nikel, an dakatar da shi na ɗan lokaci, daga baya aka ce ya ci gaba da aikinsa. Hujjar gwamnati ita ce tsibirin Gag yana wajen yankin da aka keɓe, kuma takardun kamfanin sun cika. Akwai kuma wani bambanci. Huɗun da aka kora izini ne kawai ke hannunsu, wanda hukuma ta ba su. Na biyar kuwa yarjejeniya yake riƙe da ita, wadda aka sa wa hannu tun 1998, ƴan watanni kafin mulkin Suharto ya faɗi.

Wani zai ce ina ruwanmu da Indunusiya, mu da muke Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. To, nikel dai yana gidajenmu. Shi ake haɗawa da ƙarfe a samu ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa, inoks, wanda ake yin cokula da kwanuka da kayan likita da shi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na nikel ɗin duniya can yake tafiya. Yana cikin farar dala goma da dala ashirin da muke sayen gishiri da su. Yanzu kuma masu ƙera batirin motocin lantarki sun shigo kasuwar. Indunusiya ita kaɗai ke fitar da fiye da rabin nikel ɗin da ake haƙa a duniya. Amma ba wannan ne ya ja hankalinmu ba. Abin da ya ja shi shi ne ƙasar ta shafe sama da shekara arba'in tana fama da tambayar da mu ma muka sani a kan uraniyom ɗin Arlit: in gwamnati ta sa hannu a takarda da kamfani, sannan majalisa ta yi sabuwar doka, wanne za a bi?

Izini daban, yarjejeniya daban

Mu fara da wannan, domin duk sauran maganar a kansa take. Hanya biyu ce gwamnati ke barin kamfani ya haƙi ma'adini. Ta farko, ta ba shi izini. A nan gwamnati tana sama, kamfani yana ƙasa, kamar mai lasisin tuƙi da hukumar da ta ba shi. In doka ta sake, mai izini ya bi sabuwa. In ya saɓa, a karɓe. In bai gamsu ba, ya je kotun ƙasar.

Ta biyu, su zauna su ƙulla yarjejeniya. A nan kuma gwamnati ta sauko ta zama abokiyar ciniki. Ita da kamfani kafaɗa da kafaɗa suke, ba wanda zai sake ko layi ɗaya sai da yardar ɗayan. Galibi irin wannan takarda tana ɗauke da sharaɗin kafe haraji: abin da aka rubuta ranar sa hannu shi za a biya har wa'adi ya cika, ko da majalisa ta ƙara wa kowa haraji gobe. Tana kuma faɗin inda za a kai ƙara, kuma yawanci ba kotun ƙasar ba ce, alƙalan sasanci ne a ƙasashen waje.

Kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ba hujjar banza ba ce. Wanda zai zuba miliyoyin dalolin Amurka a rami, ya jira shekara goma kafin ya ga ribar farko, yana son ya san gobe ba za a tashe shi da sabon lissafi ba. Bankin da zai ba shi bashi ma haka. Matsalar ita ce gwamnatin da ke sa hannu galibi tana cikin matsi a lokacin, tana neman kuɗi ido rufe, kuma takardar tana ɗaure gwamnatoci biyar ko shida da za su zo bayanta.

Haka ta faru a Indunusiya. Kundin tsarin mulkin 1945, a aya ta 33, ya ce ƙasa da ruwa da arzikin da ke cikinsu suna ƙarƙashin ikon gwamnati, kuma don amfanin jama'a za a yi aiki da su. Amma lokacin da Janar Suharto ya karɓi ragama, tattalin arziki ya durƙushe, farashin kaya yana ninkawa, baitulmali ba komai. A 1967 aka yi dokoki biyu, ɗaya kan jarin baƙi, ɗaya kan ma'adinai. Daga cikinsu aka haifi abin da suke kira Kontrak Karya, wato yarjejeniyar aiki. Dabarar ita ce a ce ma'adinin na ƙasa ne, kamfani ɗan kwangilar gwamnati ne kawai. A takarda kundin tsarin mulki bai karye ba. A aikace, kamfani ne ke haƙa, shi ke sayarwa, shi ke riƙe littafin lissafi.

Kamfanin Freeport na Amurka ne ya samu ta farko a 1967, don jan ƙarfe a Papua. A watan Yulin 1968 sai Inco na Kanada ya samu tasa don nikel a tsibirin Sulawesi. Filin da aka ba shi ya yi bincike da farko ya kai hekta miliyan 6.6. Ku auna: ya fi jahar Maraɗi gaba ɗayanta, har da rabinta a kai. Daga baya ya yi ta mayar da wuraren da bai ga komai ba, ya kafa masana'antar narka ƙarfe a Sorowako, ya fara sayarwa a 1978. Wa'adin shekara 30 ne daga fara aiki, ke nan 2008. Ba a jira 2008 ɗin ba. A 1996, Suharto yana kan mulki, aka zauna aka tsawaita har zuwa ƙarshen Disamban 2025.

Ranar da yarjejeniya ta kayar da doka

Bayan faɗuwar Suharto a 1998, majalisa ta yi dokar gandun daji a 1999. A cikinta aka hana haƙa mai buɗaɗɗen rami a dazuzzukan da aka killace. Nikel ɗin Indunusiya kuwa a saman ƙasa yake, cikin jar ƙasar tuddai. Ba a shiga masa ta ƙarƙashi, sai an sare daji an kwashe ƙasar. Ke nan dokar ta tsayar da kamfanoni da dama cak.

Kamfanonin suka ɗaga yarjejeniyoyinsu. Suka ce mun riga dokar nan zuwa, kuma in an hana mu, za mu kai ƙara waje mu nemi diyya. Gwamnatin Megawati Sukarnoputri ta duba abin da za ta iya biya, ta ja da baya. A 2004 aka fitar da dokar gaggawa da ta ce takardun da suka riga dokar 1999 suna nan daram, sannan shugabar ƙasa ta sa hannu a jerin sunayen da aka yarje wa su haƙa cikin killataccen daji, su goma sha uku. Inco yana ciki. Weda Bay Nickel na tsibirin Halmahera yana ciki, wanda yau kamfanin Eramet na Faransa ke da hannun jari a cikinsa tare da Tsingshan na Sin. Gag Nikel ma yana ciki. Kun ga inda kariyarsa ta samo asali.

Abin lura a nan, ba kotu ce ta yanke hukunci ba. Ba a ma kai ga shari'ar ba. Barazanar kaɗai ta isa majalisar da jama'a suka zaɓa ta ga an yi wa dokarta ƙofar baya.

Dokar 2009

Wannan ɗacin yana cikin abin da ya haifi doka mai lamba 4 ta shekarar 2009, zamanin shugaba Susilo Bambang Yudhoyono. Ita ce ta juya al'amarin. Ta ce daga yau ba sauran sabuwar yarjejeniya, izini kawai za a riƙa bayarwa. Tsofaffin yarjejeniyoyi za a mutunta su har wa'adinsu ya cika, amma a daidaita sharuɗɗansu da sabuwar doka cikin shekara ɗaya. Kamfanin baƙi, bayan shekara biyar da fara fitar da kaya, ya fara sayar wa ƴan ƙasa hannun jari. Wata dokar zartarwa ta 2012 ta fayyace cewa zuwa shekara ta goma kason ƴan ƙasa ya kai kashi 51 cikin 100. Sai babban sharaɗin: dole a sarrafa ma'adini a cikin gida, kuma an ba masu yarjejeniya shekara biyar su shirya.

Shekara ɗayan nan da aka ce a daidaita, faɗa ce kawai. Doka ta ce a daidaita, yarjejeniya ta ce ba a taɓa ni sai da yardar ɓangare biyu. Sai aka koma teburi, kamfani bayan kamfani, ana ja ana saki. Abin da ya ba gwamnati ƙarfi a teburin ba ayar doka ba ce, kalanda ce. Kowace yarjejeniya tana da ranar ƙarewa, kuma duk mai son ya wuce ranar dole ya bi ta ƙofar gwamnati.

Mu bi labarin Inco mu gani. A 2006 kamfanin Vale na Burazil ya saye shi, reshen Indunusiya ya koma PT Vale Indonesia. Sai a watan Oktoban 2014, kusan shekara shida bayan dokar, aka sa hannu a gyara. Filin ya ragu daga hekta dubu 190 zuwa dubu 118. Harajin haƙa ya tashi zuwa kashi 2 cikin 100 na kuɗin sayarwa, ya zama 3 in farashi ya hau sosai. Kamfanin ya yarda zai ƙara sakin hannun jari. A 2020 kamfanin gwamnati mai suna MIND ID ya sayi kashi 20. Da 2025 ta matso, gwamnati ta ce ba tsawaitawa sai an ƙara. A 2024 MIND ID ya ƙara sayen kashi 14, ya kai 34, ya zama mafi girman mai hannun jari, da ɗan rata kaɗan a kan Vale. A shekarar ce aka ba kamfanin izini na musamman, IUPK, har zuwa Disamban 2035, da sharaɗin gina sababbin masana'antu. Yarjejeniyar 1968 ta ƙare ke nan, bayan shekara 56.

Mu lura da kalma guda: saye. Ba ƙwace aka yi ba. Gwamnati ta biya kuɗin kowane kaso, ta yi ciniki a kan farashi, ta jira lokacin da kamfani ya fi buƙatarta. Hanya ce mai cin lokaci, wasu ƴan majalisa da gwamnonin Sulawesi sun so a ƙi tsawaitawa kwata-kwata a karɓe filin. Amma masana'antar Sorowako ba ta tsaya ba, kuma ba a kai ƙasar ƙara a kan Vale ba.

Hana fitar da ɗanyar ƙasa

Vale tun asali yana narka kayansa a gida, don haka sharaɗin sarrafawa bai dame shi ba. Waɗanda ya dama su ne ɗaruruwan masu ƙananan izini, masu loda jar ƙasa a jiragen ruwa su kai Sin da Japan. Ƙasar nan, in ka ɗebi buhu ɗari, da ƙyar ka samu nauyin buhu biyu na nikel. A 2013 kaɗai an fitar da sama da tan miliyan 50, kowa yana rige-rige kafin a rufe ƙofa. Tudu ake kwashewa a sayar da arha, aikin yi da riba suna can inda tanderu yake.

Ranar 12 ga Janairun 2014 aka rufe ƙofar. Kuɗin shiga ya faɗi, ma'aikata da yawa suka rasa aiki, kamfanin gwamnati Antam ya yi asara. A 2017 gwamnatin Joko Widodo ta ɗan sassauta, ta bar masu gina masana'anta su fitar da ƙasar da nikel ɗinta bai kai kashi 1.7 ba. An ce sassaucin zai kai 2022. Sai kwatsam a 2019 aka ce a'a, daga 1 ga Janairun 2020 an rufe ruf.

An kai ƙara ta hanya biyu. Tun 2014 kamfanin Newmont, mai haƙar jan ƙarfe, ya garzaya CIRDI, kotun sasanta rikicin zuba jari ta Bankin Duniya, kan sababbin sharuɗɗan fitar da kaya. Gwamnati ta ƙi ba shi izinin fitarwa muddin ƙarar tana nan, bai yi wata biyu ba ya janye. A shekarar ce kuma Indunusiya ta fara soke yarjejeniyoyin kare jari da ta ƙulla da wasu ƙasashe, ta fara da Holand, domin ta nan kamfanoni ke samun ƙofar kai ta ƙara. Hanya ta biyu, Tarayyar Turai ta kai ta gaban hukumar ciniki ta duniya, OMC, a ƙarshen 2019, tana cewa hanin ya cuci masu ƙera inoks na Turai. A Nuwamban 2022 alƙalai suka ba Turai gaskiya. Indunusiya ta ɗaukaka ƙara. Sai dai kotun ɗaukaka ƙarar OMC ba ta zama tun Disamban 2019, saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai. Ƙarar tana rataye, hanin yana aiki. Sa'a ce, ba ƙwarewar lauyoyi ba.

Masana'antun kuwa sun zo. A Morowali, gaɓar Sulawesi, inda dā ƙauyukan masunta ne, Tsingshan da abokin hulɗarsa na cikin gida suka kafa wani makeken fili na tanderu da tashar jiragen ruwa, dubban ma'aikata suna shiga suna fita. Aka yi irinsa a Weda Bay. Gwamnati ta ce kayan nikel da aka fitar a 2022 sun haura dalar Amurka miliyar 30, alhali kafin hanin ƴan miliyoyin dubbai kaɗan ne. Nikel ɗin ya yi yawa har farashin duniya ya karye a 2023. A 2024 BHP ya dakatar da ma'adinansa na nikel a Ostareliya, masana'antar Koniambo ta Sabuwar Kaledoniya, tsibirin da ke ƙarƙashin Faransa, ta kashe tanderunta.

Wa ya ci ribar?

A nan ne muke ganin labarin da ake yawan bayarwa ya gajarta. Dokar 2009 ta ɗaure mai haƙa. Mai tanderu kuwa, da yawansu ba izinin ma'adinai suke riƙe da shi ba, izinin masana'anta ne daga wata ma'aikatar daban. Sharaɗin sayar wa ƴan ƙasa kashi 51 bai hau kansu ba. Mafi yawan tanderun jarin kamfanonin Sin ne. Don a jawo su, an yafe wa wasu harajin riba na shekaru, har zuwa ashirin ga manyan ayyuka.

Sannan ga maganar farashi. Da aka hana fitarwa, mai haƙa ba shi da mai saye sai tanderun cikin gida, kuma su ƴan kaɗan ne. Suka riƙa sayen ƙasar ƙasa da farashin waje. Harajin haƙa kuwa a kan kuɗin sayarwa ake lissafa shi, ke nan in farashi ya sauka, kason baitulmali ya sauka tare da shi. Sai a 2020 gwamnati ta tilasta a riƙa ciniki a kan farashin da ita ke fitarwa kowane wata. Ko bayan haka an yi ta rigima kan wa ke auna yawan nikel a cikin ƙasar, domin mai awo yana iya rage maka kuɗi ba tare da ya taɓa farashi ba. Wani masanin tattalin arziki na ƙasar, marigayi Faisal Basri, ya fito fili a 2023 ya ce kaso mafi tsoka na ribar Sin yake tafiya. Gwamnati ta musanta, ta kawo nata lissafin haraji da albashi. Mu dai abin da muka gani shi ne adadin abin da aka fitar waje daban, abin da ya zauna a gida daban, kuma na farkon ne ake yawan karantowa a jawabi.

Ga kuma abin da ba ya shiga lissafi. Tanderun nan da gawayin ƙasa suke samun wuta, kowane fili da nasa tashoshin. Masunta suna kukan laka da ruwan zafi. Ranar 24 ga Disamban 2023 wani tanderu ya fashe a Morowali ana cikin gyara, mutum 21 suka rasu, ƴan ƙasa da ƴan Sin.

Komawa ga izini ma ba ta zo da tsabta ba. Da aka raba iko bayan Suharto, shugabannin gundumomi suka samu damar ba da izinin haƙa. Aka ba da dubbai, wani a kan wani, wani a cikin daji, wani dab da zaɓe. A 2018 kotu ta ɗaure Nur Alam, wanda ya yi gwamnan Sulawesi ta Kudu maso Gabas, shekara 12 kan badaƙalar izinin nikel. A 2014 aka karɓe ikon daga gundumomi aka ba jihohi, a 2020 sabuwar doka ta tattara shi a Jakarta. Cin hancin gunduma ya ragu, amma ɗan ƙauyen da gonarsa ke cikin fili yanzu sai ya nemi mai sauraronsa a babban birni, tafiyar jirgin sama. Dokar 2020 ɗin ta ma yi wa masu tsofaffin yarjejeniyoyi alƙawarin tabbas za a tsawaita musu. Kotun tsarin mulki ce ta gyara kalmar a 2021, ta ce ana iya tsawaitawa, ba dole ba. Kalma ɗaya, amma ita ce duk ƙarfin da gwamnati ke shiga teburi da shi.

Kotun nan ta sake magana a Maris na 2024. Akwai doka tun 2007 da ke kare ƙananan tsibirai, waɗanda ba su wuce murabba'in kilomita 2,000 ba. Wani kamfanin nikel da ke rikici da mazauna tsibirin Wawonii ya nemi a sassauta ta, kotu ta ƙi. Tsibirin Gag bai kai ko murabba'in kilomita 100 ba. Masu kare muhalli suna cewa dokar ta hau kansa. Takardar kamfanin, wanda yau mallakin Antam ne, wato na gwamnati, tana ba shi damar haƙa har 2047.

Mu dawo gida

Shekarun ma sun yi kama. A 1968, shekarar da Inco ya sa hannu, aka kafa Somaïr a Arlit. A 2006 majalisarmu ta gyara dokar ma'adinai ta 1993, ta sa harajin haƙa ya riƙa hawa daga kashi 5.5 zuwa 9 zuwa 12 gwargwadon ribar kamfani, ta kuma ware kashi 15 na kuɗin ma'adinai ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Areva ya ce yarjejeniyoyinsa sun riga dokar. Da wa'adinsu ya cika a ƙarshen 2013 aka shiga ciniki, ƙungiyoyin fararen hula irin su ROTAB suna zanga-zanga a Yamai suna cewa a yi aiki da dokar 2006. Ranar 26 ga Mayun 2014, zamanin shugaba Mahamadou Issoufou, aka sa hannu: Areva ya karɓi dokar, ya yi alƙawarin kuɗin gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, aka ɗage aikin Imouraren. Watanni biyar bayan haka Vale ya sa hannu a nasa gyaran a Jakarta.

Kuma tarkon iri ɗaya ne. An yi murnar kashi 12, amma a cikin yarjejeniyar an sake yadda ake lissafa farashin uraniyom, a lokacin da kasuwa ta faɗi bayan haɗarin Fukushima. Ƙungiyoyi irin su Oxfam sun nuna daga baya cewa ribar da ake aunawa ta ragu, don haka harajin da ya shigo baitulmali bai ƙaru ba. Kashi nawa aka rubuta magana ce, kashi na wane farashi, wa ke awo, wa ke duba littafi, wata maganar ce. Kundin tsarin mulkin 2010 ya tanadi a buga irin waɗannan yarjejeniyoyi a jaridar gwamnati don kowa ya karanta, kuma masu fafutika sun daɗe suna kukan ba a cika wannan ba.

Daga nan hanyoyin suka rabu. An yi sabuwar dokar ma'adinai a 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, hukumomi suka janye izinin Imouraren daga hannun Orano, sabon sunan Areva, a Yunin 2024, suka janye na Madaouela daga GoviEx na Kanada a watan da ya biyo. A Yunin 2025 aka ba da sanarwar mayar da Somaïr mallakin ƙasa, inda Orano ke da kashi 63.4, Sopamin ke da 36.6. Orano ya kai ƙara CIRDI, kuma a Satumban 2025 alƙalan suka ba da umarnin kada a sayar da uraniyom ɗin da ake takaddama a kai. Hukumomin Nijar sun ce arzikin ƙasa ne, suna da ikon sayar wa wanda suka ga dama.

Masu cewa mu kwaikwayi Indunusiya mu hana fitar da ɗanyen kaya, mu yi hattara da kwatancin. Ta yi nasarar tilasta wa masu saye ne saboda babu inda za su samu nikel mai yawa haka. Tana da teku, tana da gawayin ƙasa a gida, ga Sin da kuɗi a hannu tana neman inda za ta kafa tanderu. Kason Nijar a uraniyom ɗin duniya bai wuce kashi 5 ba a ƴan shekarun nan, Kazakistan da Kanada da Namibiya suna gabanmu, kuma kayanmu sai sun ratsa ƙasar wani kafin su ga ruwa. Uraniyom ɗin ma ba ɗanye yake fita ba, ana mayar da shi garin rawaya tun a Arlit. Matakan da ke gaba da wannan a hannun ƙasashe ƙalilan suke, ƙarƙashin sa idon hukumar nukiliya ta duniya. Abin da ya fi kusa da halinmu a labarin shi ne ɓangaren takarda: wa'adi gajere, ba alƙawarin tsawaitawa, haraji ya bi dokar da ke ci, farashi da awo a hannun hukuma.

Indunusiya ta gwada wannan ƙarfin a Afrilun 2025. Farashin nikel yana ƙasa, baitulmali yana neman kuɗi, gwamnatin Prabowo Subianto ta fitar da dokar zartarwa ta ɗaga harajin ɗanyar ƙasar nikel daga kashi 10 zuwa tsakanin 14 da 19, gwargwadon farashi. Ƙungiyar masu haƙar nikel ta koka, ta ce lokacin bai dace ba, ta nemi a jinkirta. Ba a kira su teburi ɗaya bayan ɗaya ba. Kafin watan ya ƙare sabon harajin ya fara aiki a kan masu izini.